Ƙa'idar Malam Dalili

A ofishin babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Malam Dalili kowa ke cewa, har Oga, har matar da ke share matakala da safe. Ya samo sunan ne saboda ba a gaya masa magana ya ce to. Ka ce masa intanet ta ɗauke, zai ce meye dalili. Ka ce an fasa taro, zai ce meye dalili. An taɓa gaya masa matar wani abokin aikinsu ta haihu, bakinsa ya riga hankalinsa, ya yi tambayar tasa, ofis ya kwashe da dariya har sai da Oga ya leƙo daga ɗakinsa. Tun ranar sunan ya zauna daram.

Shekararsa arba'in da huɗu, siriri ne, furfura ta fara cin gefen kunnuwansa, ƙafar tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Teburinsa yana can ƙurya, jikin ƙofar ƙaramin ɗakin da saba take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk bayanai. Wurin akwai sanyi da ƙugin fanka, kowa ya guje shi, shi kuwa abin da ya sa ya zaɓe shi ke nan. Shekara goma sha huɗu yana nan yana rubuta manhaja, amma ɓangaren da ido ba ya gani. Masu zana maɓallai da launuka suna gaba kusa da taga. Kwalliya yake kiran aikinsu, kuma yadda yake faɗin kalmar ma ya isa ya ɓata wa mutum rai.

Aikinsa, a taƙaice, tsaron ƙofa ne. Ma'aikaci yana wata unguwa gaban allonsa, ya cike suna da lamba ya danna maɓalli. Bayanin ya biyo waya ya iso saba. Manhajar Malam Dalili ta duba, ta karɓa ko ta ƙi. In ta ƙi, sai ta mayar da abin da 'yan sana'ar ke kira eksepshan, wato ƙorafin da manhaja ke yi idan aka ba ta abin da ba za ta iya haɗiyewa ba. To a nan ran Malam Dalili yake. Wasu suna alfahari da abin da manhajarsu ke iya yi, shi kuwa da yadda tasa ke ƙin abu yake taƙama.

Abin yana da tushe. Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, mahaifinsu direban babbar mota ne da ba ya kwana uku a jere a gida. Yayarsa ce ta raine shi, wadda ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma da ɗinki ta ciyar da shi. Ita kaɗai ce ba ta taɓa gajiya da tambayoyinsa ba. In ta san amsa ta faɗa, in ba ta sani ba ta ce bari su tambaya. Shekarar da zai shiga babbar makaranta, sau huɗu suna zuwa wani ofis da takardunsa, sau huɗu mutumin da ke bayan taga yana turo musu su yana cewa ba su cika ba, a dawo. Bai taɓa faɗin abin da bai cika ba. Sai bayan an rufe karɓa wani masinja ya ji tausayinsu, ya nuna musu wani layi a shafi na biyu da ba a sa wa hannu ba. Shekara guda ya yi a gida yana cizon yatsa saboda layi ɗaya. Har yau bai yafe wa mutumin nan ba, ko da yake ko fuskarsa ba ya iya tunawa.

Shi ya sa ya tsani a ce a'a babu bayani. Ya daɗe yana fama da abokan aikinsa da ke jefa ƙorafi fanko, babu ko kalma ɗaya a ciki, don kawai su gama da wuri. Ya yi magana a taro, ya rubuta wasiƙa, ya yi fushi, duk a banza. Sai wata Talata ya zauna ya toshe hanyar gaba ɗaya: ya goge ɗan layin da ke ba da damar a ƙirƙiri ƙorafi babu komai a cikinsa. Daga ranar, duk wanda zai ƙi wani abu a manhajar nan dole ya faɗi dalili, in ba haka ba aikinsa ba zai ma tashi ba. Ya kira abin ƙa'ida. Ya kuma ɓata mako biyu yana rubuta bayanai sittin da ɗaya, kowanne ya goge ya sake har sai ya yi laushi. "Lambar wayar nan ta rasa lamba ɗaya, a duba a ƙara." "Ranar haihuwar da aka sa tana gaba da yau." "Wannan gwajin sai mutum bai ci komai ba, a tambaye shi tukuna." Yakan karanta wa matarsa su bayan an ci abinci, ita tana duba littattafan ɗalibanta. Malama, kamar yadda yake kiranta, takan ce da yana yi wa mutanen gidansa magana da rabin laushin da yake yi wa kwamfuta, da gidan nan ya fi haka daɗi. Sai ya ce ai su ba sa kawo masa ranar haihuwa ta ƙarya.

Wata biyu bayan kafa ƙa'idar, Yaya ta bar ɗinki. Baya ne ya ƙi. Likita ya ce in ta ci gaba da sunkuyawa a kan keke, nan gaba sai an ɗaga ta. Tana da shekara hamsin da biyar, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure nesa. Malam Dalili ya ce ta zauna ya ɗauki nauyinta, ta ce ita ba a haife ta don zaman jiran hannu ba. Ta shiga ajin koyon kwamfuta na wata uku, ta fito da takarda. A lokacin ne wani ɗakin gwajin jini da kamfaninsu ya yi wa manhaja yake neman mai karɓar mutane a teburin gaba. Shi da bai taɓa roƙon kowa alfarma ba, ya sa riga mai guga ya je ya roƙi shugabar wurin, wadda kowa ke kira Madam. Aka ɗauki Yaya gwajin wata uku. Ranar da ta fara ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba, don a ganinsa karo na farko ke nan da aikinsa zai yi wa matar nan wani amfani.

Ba daga bakin Yaya ya ji ba. Malama ce ta gaya masa wata safiya yana ɗaura agogo, cewa jiya ta biya ta wurinta ta same ta a jigace. Layi yana taruwa a gabanta, mutane suna tsaki, Madam ta kira ta sau biyu, a na biyun ta ce in ba a ga canji ba zuwa ƙarshen wata za a nemi wata. Ya ƙirga a ransa, kwanakin aiki goma sha biyu suka rage. Tun a matakala ya kira Yaya a waya.

Ta ce ba komai, hannunta ne bai saba ba. Sai da ya matsa sannan ta ce wani akwati ne ke fitowa in ta danna, ya hana ta wucewa.

"Me akwatin yake cewa, Yaya?"

"An samu matsala, a sake gwadawa."

"Sai kuma me? A ƙasa."

"Shi ke nan, Auta. Babu komai a ƙasa."

"Ba zai yiwu ba. Ni na rubuta abin nan da hannuna, babu abin da yake ƙi bai faɗi dalili ba. Karantawa za ki riƙa yi, Yaya, ba dannawa kawai ba."

Can ta ce to, za ta riƙa karantawa, ta kuma tambaye shi yara.

Yana isa ofis ya buɗe littafin da manhajarsa ke rubuta duk abin da ta yi, wanda suke kira log. Ga su nan reras: ƙarfe tara da minti huɗu, teburin gaba, an ƙi, lambar waya ta rasa lamba ɗaya. Tara da minti huɗu da rabi, an sake ƙi, dalili ɗaya. Sau shida a jere. Kowane ƙorafi ya fita da bayaninsa cif. Hankalinsa ya kwanta ta gefe ɗaya, ya tashi ta ɗaya gefen. Tunda nasa ya fita daidai, to wani ne ke haɗiye shi a hanya, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a san ko wane ne.

Dogo ne ke kula da abin da ke fitowa a allo. Sa'ansa ne, shekara tara suna ofis ɗaya, mutum ne mai sanyin hali da ke cin gyaɗa a aljihun tebur. Malam Dalili ya tsaya a kansa ya ce masa yana zubar masa da bayanai yana manna wa mutane jimlar banza. Dogo ya ce jimlar nan ta ko-ta-kwana ce, ba ta fitowa sai in babu abin da ya iso. In da bayani ya zo, da ya nuna shi. Malam Dalili ya ce ya aika. Dogo ya ce bai gani ba. Haka suka yi ta yi kwana huɗu, mutum biyu masu furfura, teburinsu bai fi taku goma tsakani ba, amma sai wasiƙa suke aika wa juna suna sa Oga a kwafi. Dogo ya taɓa cewa su zauna tare su bi saƙon tun daga fitarsa har isowarsa. Malam Dalili ya ce shi ya gama nasa, ba zai koya wa mai kwalliya aikinsa ba. Daga nan Dogo ya sa abin jin sauti a kunne ya daina ɗago kai.

Oga kuwa hankalinsa yana kan wani sabon kwastoma. Sai rana ta uku Malam Dalili ya samu ya tare shi a bakin ƙofa. Oga ya saurara yana duba agogo, ya ce shi bai ga rahoto daga ɗakin gwajin ba. Suna da fom da suke cikewa in manhaja ta ba da matsala, kuma wata bakwai ke nan babu ko ɗaya. Malam Dalili ya kira Madam. Ta ce tana da wasu mata biyu a tebur ɗin nan, manhaja ɗaya suke amfani da ita da yayarsa, kuma layinsu yana tafiya. Ta faɗa cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ajiye waya yana jin kamar ya kifar da tebur.

Kwanakin nan gidansa bai ji daɗinsa ba. Ya yi wa babbar 'yarsa faɗa don ta bar famfo yana ɗiga, ya yi wa ƙaramar don ta tambaye shi abin da ke damunsa. Abinci ya ce gishiri ya yi yawa, washegari ya ce babu gishiri. Malama ta ƙyale shi har ranar Laraba, saura kwana biyu, sannan ta rufe littafin da take dubawa.

"Baban yara, wai ka taɓa zuwa ka zauna kusa da ita ka ga abin da idonka?"

Ya ce ba ya bukata, komai yana cikin log.

"Yayarka tana cikin log ɗin?"

Ranar Alhamis da safe bai nufi ofis ba, ɗakin gwajin ya nufa.

Shekara shida da kafa manhajar a wurin, bai taɓa ganin teburin gaba yana aiki ba. Zauren ƙarami ne, benci huɗu, warin sinadarin goge fata, talabijin a sama babu murya. Mutane sun cika, wasu da auduga a lanƙwasar hannu, wasu da 'yan kwalabe a nannaɗe cikin leda suna ɓoye su. Yaya tana zaune a miƙe cikin farar rigar aiki da ta sha guga, matashi a bayanta, tabarau a kan hanci. Da ta gan shi ta yi murmushi ta nuna masa kujera da ido. Wani tsoho ne a gabanta. Ta rubuta sunansa da yatsa biyu, a hankali, babu kuskure ko ɗaya. Ta danna. Akwatin ya fito.

Malam Dalili ya matso da kansa har numfashinsa ya taɓa allon. Kalma shida ne, babu komai a ƙasa. Ya ga Yaya ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi, tana karantawa kamar yadda aka ce ta yi. Sannan ta yi abin da akwatin ya ce, ta sake gwadawa. Ya sake fitowa, ta sake karantawa. Ta ce wa tsohon ya yi haƙuri baba, yanzun nan. A bayansa wata mata ta yi tsaki mai tsawo, wani ya ce kullum in ka faɗa layin wannan sai ka yini.

Ta gefen hagu kuwa akwatin nan yana fito wa ɗaya ma'aikaciyar ma, sai dai ita ko kallonsa ba ta yi. Ta rufe shi, ta leƙa lambar waya, ta leƙa ranar haihuwa, ta gyara wani abu, ta wuce. Da ya tambaye ta, ta ce ai da yana faɗin abin da ke damunsa, wata bakwai ke nan ya daina, su kuwa sun riga sun haddace wuraren da yake kamawa. Ba su kai rahoto ba don cike fom ɗin ya fi matsalar cin lokaci. Sun nuna wa Yaya wurare biyu ko uku, amma wuraren sun fi haka yawa, kuma layi ba ya barin mutum ya koyar da wani.

Wata bakwai. Lissafin ya taɓa wani wuri a cikinsa, ya ture shi gefe. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, ya shiga log, ya zama tafinta. Duk lokacin da akwatin ya fito wa Yaya, sai ya duba dalili ya raɗa mata a kunne, ta gyara, a wuce. Cikin awa guda layinta ya ƙare kafin na sauran. Tana karɓar mutane da fara'a, tana tuna wanda ya zo makon jiya, tana lallashin wata mai tsoron allura. Ya ga ta iya aikin nan fiye da duk wanda ke zauren, abu ɗaya kawai aka hana ta. Madam ta fito ta tsaya ta kalle su, ta tambaye shi ko kullum zai riƙa zuwa ne, ta koma ciki.

Da rana ya isa ofis bai gaisa da kowa ba. Saba tana da littafi na biyu, wanda ba manhajarsa ke rubutawa ba, na ɗan aike, wato manhajar da ke ɗaukar saƙo tsakanin saba da allo. Bai taɓa buɗe shi ba, don a ganinsa surutu ne na kayan wasu. Sai da kwamfutar ta yi nishi kafin ta buɗe shi don girma. Layi ɗaya ne a ciki ake ta maimaitawa, sau dubu goma sha ɗaya da 'yan kai.

Abin ba wuya gare shi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ƙorafi ba ya bin waya a dunƙule. Sai an warware shi dalla-dalla an aika, can a ɗaya gefen a sake haɗa shi. Mai haɗawar kuwa sai ya fara samun fanko, kamar ambulan da ba komai a ciki, sannan ya zuba bayanin. In babu hanyar yin fanko, ɗan aiken ba ya ma ɗaukar saƙon. Sai ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya je ya ce an samu matsala. Hanyar yin fankon nan ita ce layin da Malam Dalili ya goge da hannunsa. Ya gangara zuwa farkon littafin ya duba kwanan wata. Talatar nan ce. Bayanai sittin da ɗaya, babu ko ɗaya da ya taɓa isa idon ɗan Adam, in ka cire Malama da ya karanta wa.

Ya daɗe a zaune fanka tana ƙugi a kunnensa. Kunya ce ta fara zuwa, sannan haushi, kuma babu wanda zai ɗora wa haushin. Ya tashi ya taka takun nan goma, ya ajiye kwamfutar a gaban Dogo. Dogo ya cire abin kunnensa ya karanta. Da ya yi dariya ko ya ce na gaya maka, da abin ya zo da sauƙi. Sai kawai ya ce layi biyu ne, a mayar da shi a sa masa alamar kada kowa ya yi amfani da shi sai ɗan aike. Ya tura masa gyaɗa. Minti uku gyaran ya ɗauka. Suka gwada tare a allon Dogo, bayani ya fito tsaf, da harafin Malam Dalili da waƙafinsa.

Sai dai a kamfanin ba a fitar da sabon aiki sai ranar Litinin, bayan an yi kwana biyu ana gwada shi, tun wata shekara da aka fitar ranar Juma'a aka tsayar wa wani kwastoma da aiki har ƙarshen mako. Malam Dalili ya shiga ɗakin Oga bai ƙwanƙwasa ba, ya ce a fitar yau. Oga ya jingina da kujera, da ɗan murmushin wanda ya daɗe yana jiran ranar nan, ya tambaye shi meye dalili. Ya faɗa duka a tsaye: shi ya yi kuskuren, wata bakwai, kwastoma tara abin ya shafa, kuma gobe za a sallami yayarsa a kai. Murmushin ya gushe. Oga ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma kwastoma taran nan su ne dalilin da ba zai taɓa saba ranar Alhamis da yamma ba. Litinin. Abin da zai iya yi shi ne ya sa hannu a wasiƙar da za a kai wa Madam.

Juma'a da sassafe yana ofishin Madam da wasiƙar. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau. Ta ce ba ta ji daɗi ba, kuma da alama gaskiya ta faɗa. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda ta miƙa masa. Fom ɗin rahoton matsala ne na kamfaninsu. Ta ce tun watan jiya ta yi zargin kwamfutar, sau uku tana tambayar yayarsa, a na ukun ta ba ta fom ɗin nan ta ce ta rubuta abin da take gani a aika. Ga abin da ta dawo da shi.

Ya san rubutun tun kafin ya iya karatu, mai tsayi, mai kwanciya ta dama. "Kwamfuta lafiyarta lau. Ni ce ban gama iyawa ba." Ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

Madam ta ce da wannan takardar masu wurin suka yanke hukunci. Tun ranar Talata aka ba wata takardar kama aiki, ta riga ta ajiye nata aikin a wani wuri. Ba ta da kujera ta huɗu. In wani gurbi ya buɗe za ta tuna, amma ba za ta yi masa alkawarin da ba nata ba ne.

Ranar Asabar da hantsi ya je gidan Yaya. Ya same ta a tsakar ɗaki tana goge farar rigar aikin, katin shaidarta yana kan kujera da igiyarsa a nannaɗe. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi Malama da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a bakin gado kamar yadda yake zama tun yana ƙarami. Ya yi mata bayanin komai, fanko da ɗan aike da layin da ya goge. Ta saurara tana juya rigar, ta ce ashe abin ba wani babba ba ne.

"Me ya sa kika rubuta haka a fom ɗin, Yaya?"

"To me zan rubuta? Takardar wurin oganka za ta je. In rubuta aikin ƙanena bai yi ba, in sa hannu? Kai ka kai ni wurin nan."

"Da kin rubuta, da rana ɗaya na gyara."

Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, kuma da akwai da ya fi masa.

"Ai na gaya maka, Auta. A waya. Da ka ce ba zai yiwu ba, sai na ɗauka ni ce."

Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana gyara yadda ake ba mutane haƙuri, ya rasa jimla ɗaya. Ta ninke rigar gida huɗu, ta sa a leda tare da katin, ta ce ya biya ranar Litinin ya miƙa musu, ita ba ta son ta sake shiga zauren nan mutane suna kallonta.

Litinin ƙarfe takwas aka fitar da gyaran. Ƙarfe tara yana zauren da ledar a hannu. Bai san wa zai ba ba, sai ya shiga layi kamar kowa. Matashin Yaya ba ya kan kujerar. Wata mata ce a wurin, mai saurin hannu, tana cin cingam. Daga inda yake tsaye yana hango allon ta kan kafaɗar mutumin da ke gabansa. Ta cike, ta danna, akwati ya fito: "Ba a zaɓi sunan likitan da ya aiko shi ba. Yana can ƙasa ta hannun dama." Ko ƙarshen jimlar ba ta kai ba ta gyara, ta ce na gaba. Duka abin bai kai daƙiƙa uku ba.

Da ya iso gabanta ta tambaye shi gwajin me zai yi. Ya ce ba gwaji ba ne, kayan wadda take wurin nan da ne ya kawo. Ta ce ita ba ta san ta ba, yau ta fara. Ta leƙa bayansa ta ga layi, ta ce ya ajiye a ƙarƙashin tebur.